Ranar da Na Shanya Kilishi a Duwala

Ni Haladu ne, mutumin Bebeji, kuma ba na jin an taɓa yin wanda ya bar garinmu da cika baki kamar yadda na bar shi. Kilishi sana'ar gidanmu ce tun kakana. Da na ga masu tallarsa a Kwanar Dangora sun kusa fin fasinjoji yawa, sai na sanar wa 'yan majalisarmu cewa ni na yi gaba, Kamaru zan tafi, birnin Duwala, inda aka ce mini akwai masu ci amma babu masu yi. Suka kwashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, matata Rabi. Ta daka mini yaji cike da gwangwani, ta ce, "Baban Ummi, na san hannunka, je ka." Da wannan 'yar maganar na kama hanya.

Har Garwa lafiya lau, Hausa ake yi kamar ban bar gida ba. A Ngaundere aka fara koya mini karatu. Ina tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa ina rarraba ido, sai ga wani mutum fes da shi, farin kaftani, carbi a hannu.

"Kai, wannan fuskar ai ta wajenmu ce," in ji shi. "Bebeji ko Kiru?"

Ya ce shi ɗan Tudun Wada ne. Ya tambaye ni ruwan Tiga, ya tambaye ni ko an gyara hanyar Doguwa. Wallahi ji na yi kamar in rungume shi. Ya ce layin tikiti ba na baƙo ba ne, in kawo kuɗin ya shiga ta baya ya yanko mini. Can sai ga shi da wata takarda mai hatimi har biyu, rubutun Faransanci, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, na ce amin da ƙarfi. Da na miƙa wa mai duba tikiti, ya juya ta, ya dube ni sama da ƙasa, ya kira abokinsa suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Wani mai tausayi ya fassara mini. Ashe takardar shaidar rigakafin shanu ce. Wato a rubuce ni bijimi ne ɗan shekara huɗu, kuma an yi mini allurar ciwon huhu.

Na zauna a kan jakata ina sallallami. Wani dattijon Bafulatani mai suna Bappa Buba, wanda zai raka shanu kudu a jirgin kaya, ya ji abin da ya faru. Ya yi dariya har sai da ya goge ido da gefen rawaninsa, sa'an nan ya ce, "To tun da takarda ta ce kai sa ne, taso ka shiga cikin 'yan'uwanka." Haka na shiga taragon shanu a matsayin makiyayi. Kwana biyu muna tafe, rabi a tsaye, rabi a tsugune tsakanin ƙahonni. Wata farar saniya ta ɗauke ni aboki, ta tauna gefen hulata tun daga tudun Ngaundere har muka gangara cikin kurmi. Bappa Buba ya riƙa dama mana fura a ƙwarya ɗaya, yana yi wa shanunsa magana da Fillanci irin wanda nake ji a rugagen dajin Ɗansoshiya na wajenmu. A nan kewar gida ta fara kama ni, tun ban ma isa ba.

Iskar Duwala ce ta fara gaishe ni. Jiƙaƙƙiya ce mai ɗumi, kamar an tsamo tsumma daga ruwan zafi an rufa maka a fuska. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Na samu ɗaki na katako a wani lungu kusa da unguwar Hausawa, inda ba a shiga sai ta kan wani falanki da aka ɗora a bisa kwata. Kwatar nan baƙa ƙirin, ba ta tafiya gaba ba ta komawa baya, kuma duk abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Sauron wurin ba ya jiran magariba, da rana tsaka yake zuwa aiki. Wutar lantarki takan leƙo ta gaishe mu ta koma. Famfo ɗaya ne a lungun, shi ma sai ya ga dama. Ashana ba ta kamawa, gishiri yakan zama ruwa a cikin leda, takalmina na fata da na ajiye don Juma'a kuwa cikin mako guda ya yi fumfuna kamar tsohon tuwo. In ka fita titi, 'yan acaɓa ne kamar an fasa gidan tururuwa, tafiyar da za ka yi da ƙafa kafin shayi ya huce, a mota sai ta ci maka hantsi.

Wata rana muna sauraren rediyo a mahauta, sai muka ji ana cewa wai wannan gari yana cikin garuruwan da suka fi wahalar zama a duniya. Na ɗauka mutane za su ji haushi. Ina! Wani mahauci ɗan garin ya ɗaga wuƙa sama yana murna, wai ko ba komai an san da su. Ni dai na ce wanda ya yi wannan bincike bai yi ƙarya ba, kuma da ya zo lungunmu da ya ƙara mana matsayi.

Aikin da na samu ɗaukar nama ne a ƙarƙashin Alhaji Mato, Sarkin Fawan Hausawan unguwar. Mutumin Yako ne, ya shekara arba'in a Duwala, haƙoransa sun rage kaɗan amma idonsa bai rage ba. Wata huɗu ina saɓa cinyar sa a kafaɗa, kullum ina damunsa da maganar kilishi. "Baba, ni fa ba ɗan dako ba ne. Baba, a gwada ni." Akwai wata rumfa a bakin titi da ta daɗe a rufe, duk wucewa sai na dube ta. Ran nan, wata Alhamis, ya gaji da ni.

"Haladu, ga cinya guda," in ji shi. "Ranar Lahadi da la'asar ka kawo mini kilishi. In ya yi, rumfar bakin titi taka ce. In bai yi ba, Litinin akwai motar shanu da za ta koma Arewa ba kaya, ni da kaina zan sa ka a ciki. Ban ga amfanin mai iyali ya tsufa yana dako a ƙasar wasu ba."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Na kira Rabi na faɗa mata yadda muka yi, ko rumfa ko motar Litinin. Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ni kuwa sai hango kaina nake yi ina sauka a Kwanar Dangora da hula mai taunannen gefe, 'yan majalisa suna yi mini barka da zuwa. Dariyarsu zan iya haɗiyewa. Idon Rabi, wadda ta ce ta san hannuna, shi ne ban san yadda zan kalla ba.

A nan sai na gabatar da maƙwabciyata, Mama Sisil. Katangar katako ɗaya ce tsakaninmu. Mace ce ƙaƙƙarfa, Kirista, ta haura hamsin, sana'arta banda kifi a kan wasu gangunan ƙarfe uku da raga a bisa. Ta zauna a Garwa shekaru lokacin mijinta yana da rai, don haka Hausa a bakinta rangaɗau. Ba mu shiri ko kaɗan. Hayaƙinta yana shigo mini ta kowace kafa, kayana duk ƙarnin kifi, har a masallaci ana matsawa daga kusa da ni. Na taɓa ce mata abin da take yi ba sana'a ba ce, azabtar da maƙwabta ne. Ta ce in hayaƙi ya dame ni in koma Kano, hanya ba ta rufe ba. Tun daga ranar gaisuwa ma sai a daƙile.

Ranar Juma'a gari ya waye tas, rana ta fito irin wadda na daɗe ban gani ba. Na ce Allah ya amsa. Na wasa wuƙa, na zauna na yanka naman nan shara-shara, yadda in ka ɗaga za ka hango mutum ta ciki. Ba yabon kai ba, ranar hannuna ya yi kyau. Na hau kan kwanon ɗakina na shimfiɗa asabari, na jera naman ɗaya bayan ɗaya. Lissafina shi ne ya sha rana yau, gobe in tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji, ya sake shan rana, jibi in nuna masa wuta kaɗan in kai wa Alhaji.

To, mu a gida, mai shanya ba ya barin shanya sai ya dubi gabas. Haka babana ya koya mini, haka shi ma aka koya masa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma yana da kunya, sai ya yi sallama. Za ka ga gari ya haɗe, iska ta taso, kaji sun nufi akurki, kana da lokacin da za ka kwashe kayanka har ka taya maƙwabci. Don haka da lokacin masallaci ya yi, na tsaya a kan kwano na sa hannu a goshi na dubi gabas. Fayau, ko ɗigon girgije babu.

"Ɗan Kano," in ji Mama Sisil daga ƙasa, ba ta ko ɗago kai daga kifinta ba. "Sauke naman nan. Ruwa na zuwa."

"Mama, ke dai ji da hayaƙinki. Mu da kallon sama muka girma."

"Na faɗa maka."

"Na ji, na gode," na ce, na kaɗa rigata na wuce.

Duk ruwan da aka yi ta yi a watannin nan, ina cikin mahauta kaina a ƙarƙashin cinyar sa, ban taɓa tsayawa na ga ta inda yake fitowa ba. Ashe a wannan lokaci na shekara ruwan Duwala daga teku yake zuwa, ta yamma, ta bayan ƙeyata, kuma ba ya sallama. Liman yana cikin raka'a ta biyu na ji ƙwas, ƙwas a kan rufin masallaci. Kafin a kai ruku'u an tsuge kamar da bakin ƙwarya, har ba a jin kabbara. Allah ya yafe mini, jikina ne kawai a sahu, zuciyata tana kan kwano. Ana sallamewa na zabura, ko addu'a ban tsaya ba.

Titi ya zama kogi. Motoci sun tsaya cak, 'yan acaɓa sun ɗaga ƙafa sama suna tura babura, robobi da ledoji suna wucewa kamar masu zuwa kasuwa. Da na shiga lungunmu ruwa ya kai mini ƙugu. Falankin nan na kan kwata ya yi nasa wuri, na taka inda nake zaton yana nan, na nutse har wuya. Wani mutum da ban sani ba ya cafko ni ta wuyan riga ya tsamo ni, ya faɗi wata magana da Faransanci, ya wuce abinsa. Takalmi ɗaya ya tafi. Na iso gida ina tsiyaya, na ɗaga kai na dubi kwano. Wayam. Babu nama, babu asabari.

Na tsaya cikin ruwa na ce innalillahi. Ban ɓoye muku ba, kuka na yi, da yake ruwa na dukan fuskata ba wanda zai gane. Na ce shi ke nan, Haladu, sai motar Litinin.

"Ɗan Kano! In ka gama wankan, zo ka kama mini."

Na leƙa rumfar bandarta. Gangunan nan uku da ma a kan tudun bulo suke, ruwa bai kai gare su ba. Ta kwashe kifinta ta zuba a kwando, ta jera namana a kan raga, wuta tana ci a hankali a ƙasa. Matar nan da girmanta ita ta hau tsani ta sauke shi tun ɗigon farko. Ta ƙofar ɗakinta kuwa na hango katifarta tana yawo a kan ruwa, da tukwane, da wani akwati. Lokacin da za ta ɗage kayanta shi ta ɓatar a kan nawa.

"Mama, katifarki..."

"Katifa za ta bushe wata rana. Nama ba ya jira." Ta ga ina kallon ragar, sai ta harare ni. "Kar ka dube ni haka. Kifi kaɗai ke hawa ragar nan, ban taɓa ɗora abin da ba ku ci ba. Na zauna da ku, na san ku."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta miƙo mini mafici ta ce in rufe baki in yi fifita.

Rana ba ta sake fitowa ba har Lahadi. Kwana biyu muna kan gangunan nan. Ita ta san wuta, ni na san nama, kuma kowa yana ganin ɗan'uwansa bai san komai ba. Ta ce wuta ta yi yawa, na ce ta yi kaɗan. Na kwaɓa labu da yajin Rabi, ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, ta ce mutanen Kano ba su da imani, sa'an nan ta sake lakata. Hayaƙin da na yi wata huɗu ina zagi, ni ne na durƙusa ina hura shi da bakina. Abin da ya fito daga ƙarshe ya bushe ƙayau, amma baƙi ne ba ja ba, ga ƙamshin hayaƙi, can ƙasa-ƙasa kuma in ka shinshina da kyau, kifi yana gaishe ka. Da babana zai tashi ya ga wannan, da ya ce ba shi ya haife ni ba.

Lahadi da la'asar na naɗe shi a takarda na tafi. Alhaji Mato yana kan bencinsa, manyan mahauta biyar kewaye da shi. A hanya na shirya ƙarya mai kyau, zan ce wani salo ne na mutanen Bebeji na da. Na durƙusa na gaishe su na buɗe. Alhaji ya ɗauki yanki ɗaya, ya ɗaga, ya shinshina, ya kai shi gefen da yake da haƙori. Ya daɗe yana tauna.

"Wannan ba kilishi ba ne."

Na kasa faɗin ƙaryar. "Ba shi ba ne, Baba," na ce. Na kwashe labari tun daga hawa kwano har katifar Mama Sisil na faɗa masa.

Ya dube ni. "Kafin ka tafi masallaci, ina ka duba?"

"Gabas."

Kai! Sai benci ya fashe da dariya. Wani ya faɗo ƙasa, wani yana dukan cinya yana cewa, "Shi ma! Shi ma!" Ashe babu ɗaya a cikinsu da bai yi ba. Wannan shanyar barkono ya rasa, wancan fatu. Alhaji da kansa, shekarar da ya zo, naman sa guda ya shanya ya dubi gabas ya tafi aski.

"Haba Baba, to me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Matar nan ba ta faɗa maka ba? Ka ji?"

Mahautan suna ta dariya, suna cewa wannan ba kilishi ba ne, hannuwansu kuma suna ta komawa cikin takardar. Kafin a kira magariba babu ko ɓurɓushi, Alhaji har da lashe yatsa. Ya laluba aljihu ya fito da makullin rumfar, na miƙa hannu biyu, sai ya janye.

"Kilishi dai ka faɗi, garin nan ba ya yin kilishi. Amma wannan abin da ba shi da suna zai sayu. Sai dai ba kai ka yi shi ba, ku biyu ne. Je ka roƙe ta. In ta yarda, ku zo tare ku karɓa. In ta ƙi, mota tana nan."

Na same ta tana matse katifa. Na durƙusa har ƙasa, ni Haladu, na roƙe ta. Ta bar ni a durƙushe sai da ta gama matsewa tsaf. Sa'an nan ta ce ta yarda bisa sharaɗi: ni ne mai faskare, ni ne mai hura wuta, kuma duk ranar da ta ce ruwa na zuwa, amsata ita ce "to, Mama." Na ce, "To, Mama." Ta ce ga shi har na fara koyo.

Ban jira komai ba na kira Rabi, bakina har kunne.

"Rabi, an samu! Rumfar bakin titi!"

"Alhamdulillahi! Kai ne mai rumfa ke nan?"

"To, kusan haka. Ni ne dai mai hura wuta."

Ta yi dariya har na ji Ummi tana tambayarta lafiya. "Kai? Shekara goma sha biyu ban taɓa ganin ka tsuguna gaban murhu ba. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ka gaishe mini da ita." Na biye mata muka yi ta dariya, ina ba ta labarin benci da faɗawata kwata. Can sai na ji dariyarta ta tsaya. Na ɗauka layi ne ya yanke, na duba waya, na mayar kunne.

"Rabi, kina ji na?"

"Ina ji. Wato motar gobe ba da kai za ta taso ba."

"Ba da ni ba."

"To. Da ma na share ɗakinka ne, na ce ko da wani abu." Na ji ta ja hanci. "Ba komai, Baban Ummi. Ka hura wutar da kyau."